Na ci jarrabawar banki, na ci intabiyu, sai wani kamfani daban ya kira ni

'Yar Rikkos: Salamu alaikum mutanen gida, ya sanyi? Shawara na zo nema, ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo. Wata biyar ke nan ina bin aikin ɗaya daga cikin manyan bankunan nan, irin ɗaukar da suke yi wa sababbin masu digiri. Ba zan kama suna ba. Na cike fom a intanet, suka turo jarrabawa, na yi ta a ɗakin yayata da kwamfutar aro, na wuce. Suka ce in yi intabiyu ta bidiyo, irin wadda babu mutum a gabanka, tambaya ce kawai ke fitowa a allo, kafin ka gama haɗiye yawu kyamara ta fara ɗauka. Ita ma Allah ya taimake ni. Daga nan aka kira mu Abuja, na sauka gidan gwaggona a Mararaba, aka wuni ana gwada mu rukuni-rukuni. Bayan sati uku aka sake kirana, na sake bin hanyar Akwanga, na zauna gaban mutum uku. Suka ce in je za su neme ni. Shiru kake ji har sati bakwai. Jiya da la'asar wata mata ta kira ni, ta ce bankin ne ya ba kamfaninsu sunana, akwai gurbin kashiya a wani reshe nan cikin Jos, amma takardar ɗaukar aikin da sunan kamfaninsu za ta fito, ba da sunan banki ba. Ta ba ni zuwa Litinin. A watan Maris zan cika shekara 27, ga shi irin wannan ɗaukar ana sa mata iyakar shekaru. In karɓa, ko in ci gaba da jiran wancan?

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, wancan ɗin an riga an ba ɗiyar wani. Tun ranar da kika zauna gaban mutum ukun nan an gama rabo, ku an kira ku ne a cika takarda. Karɓi abin da ya samu.

Na Bukuru: Haba Ɗan Gangare, daga yin sallama har ka yanke hukunci? Ni nan ban san kowa ba, babana tireda yake da shi kusa da Kara, kuma yau shekara ta uku ina aiki a banki a Abuja da takardar bankin kansa. Bayan intabiyuna ta ƙarshe sai da na yi wata uku ban ji ko tari ba. Har na koma koyarwa a wata makarantar kuɗi, ranar wata Laraba ina cikin aji saƙo ya shigo wai in je gwajin lafiya. Dalilin jinkirin, makarantar horarwa ba kullum take ɗiba ba. Sai waɗanda ke ciki sun gama, sannan a kira na gaba. Sati bakwai ba wani abu ba ne.

Ɗan Gangare: Kai ɗaya ne a cikin nawa? Ka faɗa mana tsakani da Allah, a ajinku na horo mutum nawa ne 'yan arewa, kuma nawa ne a cikinsu ba ɗan wani ba?

Na Bukuru: 'Yan arewa ba mu da yawa, wannan gaskiya ne. Kuma akwai 'ya'yan manya, na gan su da idona, har da wanda direba ke kawowa. Amma jarrabawar mako-mako ba ta san uban kowa ba. Wanda ya kasa kawo makin da aka yanka, jakarsa yake ɗauka. An kori ɗan wani babba a gabanmu. Inda ƙafa take aiki, a abin da na gani, shi ne wajen a kira ka da wuri, da wajen reshen da za a tura ka. Jarrabawar farko kuwa kwamfuta ce ke makawa.

Anti Kashiya: Ku bar wannan musun tukuna, yarinya tana da Litinin a gabanta. 'Yar Rikkos, ƙanwata, ni na yi shekara shida a kan kujerar da ake miki tayi, a wani reshe kan titin Ahmadu Bello. Bari in gaya miki yadda take, ki auna da kanki.

Kaya iri ɗaya za ki saka da kowa, katin wuya mai tambarin banki, kwastoma ba zai taɓa sanin bambanci ba. Bambancin ranar albashi yake fitowa. Yaron da ya shigo bayana da shekara huɗu, ni na koya masa yadda ake rufe lissafin yini, amma abin da yake ɗauka ya ninka nawa har da ɗoriya, don shi ta makarantar horo ya shigo. Ƙarshen shekara a raba musu kason riba, mu a ba mu shinkafa da man gyaɗa. Ƙarin girma babu, kashiya kika shiga kashiya za ki fita. In kuɗi ya yi gibi a akwatinki, ko naira dubu biyar ce, daga aljihunki za ki cike kafin ki tafi gida. Akwai ranar da na kai ƙarfe tara na dare ina neman inda dubu talatin ta maƙale, ashe wani Alhaji na ba wa bandir ɗin ɗari biyar-biyar a zaton na ɗari biyu ne. Allah ya yi shi mutumin kirki, da safe ya dawo da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alkawarin nan na "in kin yi ƙoƙari za a mai da ke ma'aikaciyar banki". Ana yi, ban ce ba a yi ba. Amma jarrabawar mayarwar ita ma da sharaɗin shekaru a kanta. Lokacin da aka buɗe ta a reshenmu na riga na wuce.

Duk da haka ban ce kar ki karɓa ba. Da kuɗin na yi wa ƙannena biyu makaranta, kuma a can na koyi abin da nake ci da shi yau, shagunan POS uku nake da su tsakanin Terminus da Farin Gada. Ki dai shiga da idonki a buɗe.

'Yar Rikkos: Na gode Anti, Allah ya bar zumunci. Abin da matar ta faɗa mini a waya, in na cire kuɗin keke da abincin rana, bai ɗara alawus ɗin ₦77,000 da na baro a bautar ƙasa da wani abin kirki ba. Abin da ya fi damuna, in na karɓi wannan, ba za su cire sunana daga wancan layin ba?

Maman 'Yan Biyu: Wannan tambayar ce ya kamata ki yi musu a rubuce, ba a waya ba. Ni sashen ɗaukar ma'aikata nake aiki, ko da yake ba a banki ba. Ki koma imel ɗin da ya gayyace ki intabiyu ta ƙarshe, ki amsa a kansa, layi huɗu ya isa: ga sunana, ga ranar da na zo, wani kamfani ya kira ni da sunanku, shin ku kuka ba shi sunana, kuma shin takardata ta ɗaukar masu digiri tana nan a raye? Abu biyu za ki samu. Na farko za ki san ko matar ta gaskiya ce. Na biyu, ko me suka amsa kina da shi a rubuce. Wasu wuraren, waɗanda suka kusa kaiwa amma gurbi bai kai kansu ba, su ake miƙa wa kamfanonin kwantiragi. Wani lokacin kuma kamfanin ne ya samo sunaye ta bayan gida yana farauta.

Ɗan Gangare: Ko kuma 'yan damfara ne. Ta ce ki turo kuɗin fom ko na yunifom?

'Yar Rikkos: A'a yaya, ba ta nemi ko sisi ba. Ta dai ce in zo da mutum biyu da za su tsaya mini, ɗaya ma'aikacin gwamnati mai babban mataki, da hotunansu da katin shaidarsu.

Lauyan Zaure: To a nan zan sa baki. Masu tsaya miki su karanta abin da za su sa wa hannu, don fom ɗin yakan ce in an yi asara ta hannunki su za a bi. Ba sa hannun shaidar ɗaurin aure ba ne. Ke kuma kafin ki rattaba naki, ki duba wa ya ɗauke ki a takardar, wata nawa ne wa'adin, kwana nawa za a ba ki in za a sallame ki, kwana nawa za ki bayar in ke za ki tafi. Ki tambayi fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma a asusunki na fansho za ki riƙa ganin shigarsa. Akwai kamfanonin da ke cire kashi 8 ɗin a takardar albashi, kuɗin kuma ba ya isa inda aka ce. Ki tambayi inshorar lafiya. In aka zo ga rigima, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan, kuma abin da za ta fara tambaya shi ne takardar da kika sa wa hannu. Abin da ya fi muhimmanci a halin da kike ciki shi ne sharaɗin fita. In wata ɗaya ne, kuma babu tara, to ko wancan ya kira ki gobe kina iya tafiya.

Baban Khalifa: 'Yar Rikkos, 'yata, ina da tambaya. A zaman ƙarshen nan, me mutum ukun suka tambaye ki? Ki faɗa yadda aka yi, kar ki gyara.

'Yar Rikkos: To Baba. Na farko ya ce in ba su labarin kaina. Ta biyun ta tambaye ni abin da na sani game da ƙarin jarin da Babban Banki ya ce bankuna su yi, na faɗi abin da na karanta. Na ukun, wanda tun da na shiga yake danna waya, ya ɗago ya ce: a ce mun tura ki Jos gobe, nawa za ki iya kawo mana a wata shida, kuma daga hannun wa? Wallahi Baba sai kaina ya ɗaure. Na ce zan yi iya ƙoƙarina, ina da haƙuri da jama'a. Ya ce bai tambaye ni haƙuri ba, lamba ya tambaya. Na ce ban saba da manyan mutane ba. Ya ce na gode, ya koma kan wayarsa.

Ɗan Gangare: Kun ji ko? Daga hannun wa. Ma'ana waye ubanki. Ni na faɗa aka ce na cika baƙin baki.

Baban Khalifa: Ɗan Gangare, rabin maganarka gaskiya ce, sauran rabin ita ke hana yaranmu aiki. Na yi shekara ashirin da huɗu a wannan sana'a, na riƙe reshe a Jos da Lafiya da Abuja, na zauna a irin kujerar mutumin nan ba sau ɗaya ba. Bari in faɗa muku abin da ke cikin kansa.

Banki da kuɗin mutane yake kasuwanci. Ajiyar da ta fi masa daɗi ita ce ta asusun yau da kullum da ta asusun tara kuɗi, don kusan kyauta yake samunta, ba kamar wadda ake ƙulle wa wa'adi ana biyan ruwa mai yawa ba. A da, musamman a Abuja, manaja ɗaya zai kama asusun ma'aikatar gwamnati guda, shi ke nan ya huta shekara. A 2015 gwamnatin Buhari ta tilasta asusun bai-ɗaya, TSA, kuɗin ma'aikatun tarayya suka koma Babban Banki. Rassa da yawa suka wayi gari kamar an share su da tsintsiya. Sannan cikin abin da banki ya tara, Babban Banki yana riƙe kaso mai tsoka a wurinsa, a 2024 har ya kai rabi. Ga kuma su OPay da Moniepoint da PalmPay, tun wahalar takardun naira ta farkon 2023 suka kwashe 'yan kasuwa. Ki zaga Terminus ki ƙirga na'urorin da ke kan teburan masu kaya, ki ga na banki nawa ne. Shi ya sa duk wanda zai shigo, ko lissafi ya karanta ko kimiyyar harhaɗa magunguna, tambayar farko a zuciyar mai ɗauka ita ce wannan zai iya fita rana ya kawo?

To mutumin nan bai sa ran kina da Sanata a gida ba. Da kina da shi da ya ji daɗi, ban musa ba. Amma abin da yake son ji shi ne ko kin san garinku da idon ɗan kasuwa. Da kin ce masa: ranka ya daɗe, a Farin Gada kullum ana lodin kabeji da karas da tumatir zuwa kudu, dillalan suna da ƙungiya, kuɗinsu a hannu yake yawo. Masu dankalin Bokkos da Mangu kakarsu na zuwa lokaci ɗaya, kuɗi ya taru a 'yan watanni. Ga 'yan hatsi da 'yan katako a Katako, ga 'yan shanu a Kara ta Bukuru, ga makarantun kuɗi da ke karɓar kuɗin zango sau uku a shekara. Zan fara da ƙungiya kaza, in buɗe asusu kaza a wata, in kowanne ya ajiye kaza ga jimla. Ko lambar taki ba ta yi daidai ba, da ya ajiye wayar nan. Kin tashi a Rikkos, kin fi shi sanin duk wannan. Ba a gaya miki cewa shi ne amsar ba, shi ke nan.

'Yar Rikkos: Innalillahi. Baba, mijin yayata dillalin tumatir ne a Farin Gada. Ko a raina ban kawo shi ba, ni ina can ina tunanin masu babbar riga.

Na Bukuru: Abin da Baba ya faɗa shi ne. Ni da suka yi mini irin tambayar, Kara na kawo musu. Na ce ranar kasuwa mutum zai sayar da shanu na miliyoyi ya cusa kuɗin a aljihun 'yar-shara. Dariya suka yi, suka shiga tambayata farashin bijimi. Rabin intabiyun a kan shanu muka ƙare.

Ɗan Gangare: Na ji, na kuma ƙaru. Amma Baba ka yarda da ni a nan: ɗan da ya tashi a Legas, yayansa na banki, maƙwabcinsa na banki, tun yana aji biyu a jami'a an gaya masa wannan amsar. Namu sai ya faɗi sannan ya ji ta a zaure. Wannan ma ai ƙafa ce, ko da ba a kira kowa a waya ba. Kuma Hukumar Raba Daidai, mai kula da rabon guraben aiki tsakanin jihohi, ba ruwanta da bankunan kasuwa, ma'aikatun gwamnati kawai take bi, irin su Babban Banki da NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki. Hedikwatocin kusan duk suna Legas, makarantun horon suna can. Ni sau biyu ana kirana Legas gwaji, kuɗin mota daga aljihuna, in kwana a hanya, in isa da kumburarrun ƙafafu, a ce mini za a neme ni.

Baban Khalifa: Wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Malam na Anguwan Rogo: Ni tambayata daban ce, kuma ba don in ɓata wa kowa ba. Duk wannan wahalar a kan aikin da malamai suka yi magana a kansa saboda riba, wato kuɗin ruwa? Ga bankunan da ba sa harka da kuɗin ruwa, ga Jaiz nan tun 2012, ga TAJ tun 2019, dukansu hedikwatarsu na Abuja, ga Lotus. Me ya hana 'yar'uwa ta nemi can?

'Yar Rikkos: Malam na nema, har yanzu ban daina duba shafinsu ba. Ban samu kira ba tukuna.

Anti Kashiya: Malam, su ma jarrabawa suke yi, su ma suna da taget, kuma ba su kai waɗancan yawan rassa ba balle yawan gurabe. Maganar halacci kuwa ta tambayi malaminta, shi ya san halin gidansu.

Shugaban Zaure: Jama'a, mas'alar riba mun yi ta a nan har sau biyu, kuma a zauren nan akwai Musulmi akwai Kirista. A bar ta a wurin malamai. A koma kan tambayar yarinya.

Nurse ta Tudun Wada: Ni abin da ke ƙona mini rai shekarun nan ne. Ƙanena ya shiga Jami'ar Jos, karatun shekara huɗu ya zama shida da wani abu. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara ga korona a kai, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ya fito, ya jira a tura shi bautar ƙasa, ya gama yana da 28. Duk tallan da ya buɗe, kar ka wuce 26, kar ka wuce 27. Ita kanta NYSC sai ka haura 30 take cewa ka tsufa. Wanda ubansa ya kai shi jami'ar kuɗi ya gama yana 21, shi ne yaro mai jini a jika. Laifin wa aka ɗora wa wa?

Lauyan Zaure: Majalisar Dattawa ta taɓa zartar da ƙuduri a 2023 tana kira a daina sa iyakar shekaru a tallan aiki. Amma ƙuduri kira ne, ba doka ba ce, shi ya sa ba abin da ya canza a tallan.

Ɗan Gangare: Shi ya sa kowa ke zuwa kotu ya yi rantsuwar shekaru ya rage uku.

Maman 'Yan Biyu: Don Allah kar wanda ya bi wannan shawarar. Zamanin ya wuce. Ranar haihuwarka tana kan NIN, tana kan BVN, tana kan takardar WAEC, tana wurin JAMB da NYSC. Kamfanonin da ake ba aikin tantancewa ba abin da suke nema kamar wurin da biyu suka saɓa. Na ga wanda aka fitar daga ajin horo a sati na biyar saboda wannan. Kuma harkar kuɗi ba kamar sauran wurare ba ce, Babban Banki yana da rajistar waɗanda aka kora kan rashin gaskiya, bankuna suna dubawa kafin su ɗauki mutum. A rasa aiki ɗaya ya fi a rufe maka ƙofar sana'ar gaba ɗaya.

Ɗan Gangare: Wasa nake yi Hajiya, a yi mini afuwa.

Sabon Ɗan Hidima: Yayye, ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni Asabar ɗin nan zan yi tawa jarrabawar ta intanet, karon farko. Me zan yi tsammani?

Na Bukuru: Lissafi, Turanci, da tambayoyin nan na siffofi da ake cewa wanne ne zai biyo baya. Ba su da wuya can, lokaci ne ba ya isa. Kashi cikin ɗari, riba da faɗuwa, karanta jadawali, su za ka maimaita. In tambaya ta riƙe ka, wuce ta. Kyamara a kunne take, in ka cika waiwaye ko wani ya gifta bayanka tana iya rufe maka.

'Yar Rikkos: Ka gaya wa mutanen gida tun da wuri. Ni ina tsakiyar tawa ɗan yayata ya turo ƙofa yana kuka, da ƙafa na riƙa tura shi waje idona na kan allo. Ka cika cajin kwamfuta, ka tanadi layi biyu na data, kar ka dogara da wutar JED. Kuma ka yi da sassafe kafin sabis ya yi nauyi. In Allah ya kai ka Abuja, gwajin rukuni ba gasar surutu ba ce. An ba mu takarda kan wani reshe da ke asara, aka ce mu takwas mu tattauna mu kawo mafita. Wani ya hana kowa magana, Turanci kamar ruwan famfo. Ban gan shi a zagaye na gaba ba. Wata da ta yi magana sau biyu kacal, amma ita ta tuna mana saura minti biyar ta kuma haɗa abin da aka faɗa, da ita muka dawo. Kwat kuma kar ka ci bashi, na gwanjo na saya aka rage mini, ba wanda ya gane. In daga Mararaba ko Nyanya za ka taso, ka fito kafin a idar da sallar asuba, in ba haka ba a go-slow ɗin gadar za a yi intabiyun ba kai.

Nurse ta Tudun Wada: In an kai ga gwajin lafiya kuma ku san haƙƙinku. Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta hana a mai da gwajin HIV sharaɗin ɗaukar aiki. Mata kuma a kan yi musu gwajin ciki a wasu wuraren ba tare da an faɗa musu ba. Ki tambayi me za a auna kafin ki miƙa hannu.

'Yar Rikkos: Anti, ai ni ko a intabiyu sai da matar cikinsu ta kalli yatsana ta ce ko akwai maganar aure a kusa. Na ce babu. Akwai, bayan Sallah ne.

Anti Kashiya: Allah ya sanya alheri! To wannan ma ki sa shi a lissafi. Ki tambayi kamfanin hutun haihuwa nawa suke bayarwa, kuma da albashi ko babu. A lokacina wata ta tafi haihuwa ta dawo ta tarar da wata a kujerarta, aka ce kwantiraginta ya ƙare tana gida.

Baban Khalifa: 'Yata, ga nawa ra'ayin, ki haɗa da na iyayenki da na wanda zai aure ki. In bankin ya tabbatar da matar, kuma sharaɗin fita mai sauƙi ne, ki karɓa, amma ki yanka wa kanki wa'adi, shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Cikin lokacin ki yi rajistar jarrabawar CIBN ta ƙwararrun ma'aikatan banki, ko ta ICAN ta ƙwararrun akantoci in lissafin kuɗi kika karanta. Wanda ya shigo da takardar ƙwarewa da gogewa ba a yi masa maganar 26. Kuma wannan ƙarin jarin da aka tambaye ki, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na yanki, wa'adi 31 ga Maris 2026, ki sa ido a kansa. Na ga na zamanin Soludo yana gwamnan Babban Banki, da aka ɗaga jari daga biliyan 2 zuwa 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Wasu sun buɗe rassa sun ɗebi ma'aikata, wasu an haɗe su an sallami mutane. Duk lokacin da aka zo ragewa, da 'yan kwantiragi ake farawa, don waya ɗaya ake yi wa kamfaninsu.

Anti Kashiya: Baba, wa'adin nan da kake faɗa kowa da shi yake shiga. Ni ma shekara ɗaya na ce. Ka fita shida da rabi na safe ka dawo bayan isha'i, Asabar a ce ka zo cika ATM, yaushe za ka buɗe littafi? Littattafan ICAN ɗina har yau suna cikin kwali.

Baban Khalifa: Ban musa ba. Amma zaman gida ma yana cin shekara, kuma shi ba ya biyan ko sisi.

Ɗan Gangare: Ni dai na ce ta karɓa tun farko, kuka yi ta zagaye.

Na Bukuru: Kai cewa ka yi an ba ɗiyar wani. Har yanzu ba wanda ya san haka.

'Yar Rikkos: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tura imel ɗin da Maman 'Yan Biyu ta ce tun da hantsi. Yanzun nan amsa ta shigo, layi biyu. Sun ce eh, kamfanin abokin aikinsu ne. Game da ɗaukar masu digiri kuma, wai takardata "tana cikin waɗanda ake dubawa", za a tuntuɓe ni in an kai ga mataki na gaba. Ba su ce komai ba kan ko karɓar wannan zai shafi wancan. Na kira matar na ce ta turo mini takardar in karanta kafin Litinin, ta ce ba a fitar da ita, sai dai in zo ofis in karanta a gabanta.

Lauyan Zaure: To ki je ki karanta a gabanta, ba laifi, amma kar ki sa hannu a zaman farko. In ta yarda ki ɗauki hoton shafukan ki turo mini ta akwatin sirri. In ta ƙi, ki kwafe sakin layin da ya yi maganar ajiye aiki da na masu tsaya miki a takarda da hannunki. Ƙarfe nawa ta ce ki zo?

'Yar Rikkos: Tara na safe. Mijin yayata ya ce zai sauke ni a kan hanyarsa ta zuwa Farin Gada.